PDAL ya fitar da ni kunya a aikin laida na Zariya

An kawo mini fayil ɗin LAS, wato fayil mai ɗauke da ɗigogin awo, na wani fili a gefen Zariya, wanda aka ɗauka da jirgi mara matuƙi mai na'urar laida, wadda ke auna ƙasa da hasken lesa, domin mu fitar da gangaren ƙasa kafin a zana magudanar ruwa. Da na ɗora shi a manhajar taswira ta QGIS kan tsohon taswirar safiyo ɗinmu, sai na ga tarin ɗigogin ya kauce wa bikon-bikon ɗinmu, wato alamomin awo da muka kafa a ƙasa, da fiye da mita 100. Waɗanda suka ɗauko bayanan ba su rubuta tsarin kodinet, wato tsarin lambobin da ke nuna wuri a doron ƙasa, a cikin fayil ɗin ba, na kuma kira wayarsu har na gaji. Dole ta sa na koma ga PDAL, manhajar kyauta da ake sarrafawa da rubuta umarni.

Abin da ya fara burge ni shi ne pdal info --metadata. Cikin daƙiƙu ya baje mini kan fayil ɗin: LAS 1.2 ne, gurbin tsarin kodinet fanko, amma ga mafi ƙanƙanta da mafi girman lambobin gabas da arewa. Gabas wajen 358,000, arewa wajen 1,227,000. Duk wanda ya saba aiki a wannan yanki ya san wannan shiyya ta 32 ce ta tsarin UTM na duniya, domin da tsarin Mid Belt na Najeriya ne da lambobin sun sha bamban. Sai dai lambobi ba za su gaya maka ko tushen awon WGS 84 ne ko na Minna, wanda taswirarmu take kai, ba, kuma nan ne matsalar take. Minna tana kan siffar duniya ta Clarke 1880, jiragen nan kuwa da GPS suke aiki, wato WGS 84. Na zaɓi kusurwar wata kwalbati da muke da awonta a ƙasa, na gwada, ta tabbatar mini EPSG:32632 ne, wato lambar WGS 84 shiyya ta 32.

Daga nan aiki ya zo da sauƙi. Na ba filters.reprojection, sashen PDAL mai sauya tsarin kodinet, lambar shiga 32632 da ta fita 26332, wato Minna shiyya ta 32, ɗigogin suka zauna kan bikon ɗinmu, saura ɗan bambancin da na daidaita da awon fili. Ina ƙaunar yadda PDAL ya raba abu biyu da mutane ke yawan haɗawa: liƙa wa fayil sunan tsari daban, sauya lambobin kansu daban. Na sha ganin abokan aiki sun liƙa suna kawai suna zaton sun sauya, aiki ya lalace ba su sani ba.

Inda ya ba ni ciwon kai shi ne ma'aunin adana lambobi. LAS yana ajiye kowane ɗigo ne da cikakkiyar lamba wadda ake ninkawa da ma'auni, PDAL kuma 0.01 yake sawa idan ba ka ce komai ba. A mita wannan santimita ɗaya ne, lafiya lau. Da na gwada sauyawa zuwa digiri don wani da ya nema, 0.01 ya zama sama da kilomita guda, filin gaba ɗaya ya dunƙule ya zama 'yan ɗigogi. Sai da na sa scale_x da scale_y da hannuna. Tsayi ma haka: ba ya mayar da shi zuwa matakin teku sai ka kawo masa bayanin jiyod, wato siffar matakin teku a faɗin duniya, irin EGM2008, kuma aikin magudana tsayi ne ransa.

Wanda baƙin allon umarni ke firgitarwa, tun QGIS 3.32 akwai waɗannan kayan a cikin akwatin sarrafawa, da PDAL a ƙarƙashinsu. Ni dai na zauna kan umarnin, domin fayil arba'in na sauya a dare ɗaya da layi guda.