Sharhi Kan Wani Littafin Ilimin Sararin Samaniya Na Yara

Littafin nan an rubuta shi ne domin yara 'yan shekara 9 zuwa 13, kuma abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne yadda ya bayyana nisan rana ba tare da ya cika shafi da lambobi ba. Ya nuna cewa haskenta yana ɗaukar kusan minti 8 kafin ya iso gare mu, saboda haka abin da yaro ke gani idan ya ɗaga kai, kamannin rana ne na mintunan da suka wuce. Irin wannan bayani yana zama a zuciyar yaro, har ya sa shi ya riƙa tambaya. Zane-zanen suna da kyau, labarin saukar ɗan Adam a kan wata a 1969 kuma an taƙaita shi daidai.

Abin da ya dame ni ƙwarai shi ne har yanzu littafin yana lissafa Pluto a matsayin ta tara cikin jerin duniyoyin da ke kewaya rana, alhali tun 2006 masana taurari suka cire ta daga jerin, aka bar takwas. Yaro kuwa duk abin da ya gani a rubuce yakan ɗauke shi gaskiya, don haka wajibi ne iyaye su gyara masa wannan shafin. Ga matasan sakandare, bayanan sun yi sauƙi da yawa.