Gidan tarihin hamada na Tucson, a jihar Arizona ta Amurka

Gaskiya wurin nan Arizona-Sonora Desert Museum ya burge ni, sunansa dai gidan tarihi amma rabinsa gidan zoo ne rabinsa lambu, kuma kusan komai a fili yake. Tun 1952 aka buɗe shi. Abin da ya fi tsaya min a rai su ne itatuwan saguaro ɗin nan masu ƙaya, dogaye kamar mutum ya ɗaga hannu sama, suna haura shekara 150 a raye, mutanen Tohono O'odham, 'yan asalin yankin, har yau suna tsinkar 'ya'yansu lokacin zafi. Na ga ƙadangaren Gila mai dafi da javelina mai kama da alade. Amma fa ka je da sassafe da gorar ruwa, ranar can ba ta da wasa wallahi.