Garin kunun yara: na gwangwani, na leda, ko wanda kika niƙa da kanki?

Satin da ya wuce ƙanwata ta kira ni tana tsaye cikin wani shago a Ahmadu Bello Way a nan Kaduna, ɗanta ya cika wata shida, nas ta ce mata a fara ba shi abinci ban da nono. Ta ce "Yaya, ga su nan jere kala-kala, kowanne da hoton yaro ɓulɓul, wanne zan ɗauka?" Na ce ta ajiye tukuna ta zo gida mu zauna. Abin da na faɗa mata shi zan rubuta nan, don na san iyaye da yawa suna tsayawa gaban kantar nan da wannan tambayar, ga kuɗi ba sa kai wa yadda ake so.

Yara huɗu na yaye, kuma duk hanyoyin nan na bi su.

Bari in fara da kokon gasara tunda shi ne kusan kowa ke fara bayarwa. Yana da araha, yaro yana karɓarsa da sauƙi, amma ki duba yadda ake yin gasara: a jiƙa gero ko masara, a markaɗa, a tace, a zubar da dusar ko a ba akuya. Abin da ya kwanta a ƙasan bokiti yawancinsa sitaci ne. In kuma aka dama shi tsararo don ya bi ta fida, to ruwa yaro ya sha, cikinsa ɗan ƙarami ne ya cika, bayan awa ɗaya yana kuka. Ban ce a daina koko ba, ni ma ina sha da ƙosai, amma shi kaɗai ba ya gina jikin yaro mai girma, sai an haɗa masa da wani abu.

Sai na gwangwani da na kwali, irin su Cerelac da sauran takwarorinsa. Gaskiya suna da amfaninsu kuma ba zan ɓoye ba. An ƙara musu sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da bitamin, an auna komai, ruwan da aka tafasa kawai kike buƙata. Ranar tafiya, ko kina asibiti kina jinya, ko kina aiki kin bar yaro wajen kakarsa, babu kamar su. Matsalar ita ce kuɗi. Yaro mai ci sosai gwangwani ɗaya ba ya yi masa sati, to sai ki ga uwa ta fara rage cokali tana ƙara ruwa don ya daɗe, kin ga an koma gidan jiya, an sayi abu mai tsada an mayar da shi ruwa. In za ki saya, juya bayan gwangwanin ki karanta jerin kayan haɗin, abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki, in kika ga suga a na biyu ko na uku ki san yaro zai saba da zaƙi ya riƙa ture abincin gida. Ki duba lambar NAFDAC, ki duba ranar lalacewa, ki duba shekarun da aka rubuta, don irin su Golden Morn da kwanfilas abincin karin kumallon gida ne na yaran da suka tasa da manya, ba a yi su don jariri ɗan wata shida ba. Gwangwanin da ya lotse ko ya yi tsatsa ki bar musu kayansu ko an rage miki kuɗi.

Na uku shi ne garin tom burawun, wato haɗin soyayyen hatsi da waken suya da gyaɗa, wanda ake ƙullawa a leda ko a roba, ana sayarwa a kasuwa, a bakin asibitoci, yanzu har a WhatsApp da Facebook. A nan na fi taka tsantsan. Akwai mata masu tsoron Allah da suke yin sa da kyau, na san wasu, kuma sana'a ce mai albarka. Amma gari in an riga an niƙa ba ki da yadda za ki gane abin da ke ciki. Waken suya da gyaɗa su ne masu tsada, masara ita ce mai araha, wanda yake son riba da yawa ya san abin da zai rage. Na taɓa sayen wata roba lokacin ɗiyata ta biyu, da na buɗe sai wani wari-wari kamar na tsohon mai, na ɗanɗana na ji ɗaci a maƙogwaro, haka na zubar da shi ina jin zafin kuɗina. Daga baya na fahimci man da ke cikin gyaɗa ne ya juya saboda garin ya daɗe. In dole sai kin saya, saya wajen wadda kika sani, ki tambaye ta yaushe ta niƙa, gwangwani nawa na wake ta sa a kan nawa na hatsi. Mai gaskiya ba za ta ji haushin tambayar ba.

Ni dai abin da na tsaya a kai don cin yau da kullum shi ne in haɗa da kaina. Awon da nake bi: gwangwani 6 na hatsi, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. Hatsin nakan raba shi, gero da dawa ko kaura, wani lokaci in sa masara kaɗan, in na samu acca daga masu kawowa daga kudancin Kaduna ko Jos in ƙara, amma ita tsada gare ta kuma wankin yashinta sai mai haƙuri. Dalilin haɗa hatsi da wake ba ado ba ne, abin gina jiki da ya yi ƙaranci a hatsi yana cikin wake, wanda ya yi ƙaranci a wake yana cikin hatsi, sai su cike wa juna. Gyaɗar kuma ita ke kawo maiƙo da ƙarfi, ta sa yaro ya daɗe bai ji yunwa ba.

Wajen saye ni kasuwar Kawo nake zuwa ranar Talata in da hali, in babu in shiga Kasuwar Bacci ko babbar kasuwa ta Sheikh Gumi. Lokacin kaka, daga wajen Nuwamba zuwa Janairu, hatsi ya fi sauƙi kuma sabo ne, ga iskar hunturu tana busar da shanya cikin yini ɗaya. In kina da ɗan abin hannu lokacin ki sayi na wata biyu ko uku ki ajiye da ƙwayarsa, ki riƙa niƙa kaɗan-kaɗan.

Gyaɗa ita ce wadda nake so ki ba lokaci. Ki zuba a faranti ki zauna ki tsince ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta yanƙwane, ta yi baƙi, ta yi kore-kore ko ƙwaro ya huda, ki fitar. Ba don ɗaci kawai ba. Gyaɗa da masarar da aka ajiye da danshi suna yin fumfuna mai fitar da wata guba da ake kira afulatoksin, tana taɓa hanta, tana hana yaro girma, kuma suya ko dafuwa ba sa kawar da ita. Da damina, musamman watan Agusta da ruwa ba ya ɗaukewa a garin nan, nakan saka hannu cikin buhun mai awo in ji ko da sanyi-sanyi, in ɗebo in shinshina. Mai awon da nake saye wajensa ya saba, da ya hango ni sai ya ce "Hajiya ga ta ƙasan buhu ma ki duba." Ki sayi mai kyau ko ta fi tsada kaɗan, gwangwani ɗaya ne fa kacal a cikin goma.

Waken suya kuma ba a niƙa shi ɗanye, yana hana abinci narkewa ya kumbura wa yaro ciki. Ni nakan tsince, in tafasa shi kamar minti 20, in murje ɓawon ya fita, in shanya ya bushe ƙayau, sannan in soya a tukunya ba mai, wuta kaɗan, har ya yi ruwan ƙasa ƙamshi ya tashi. Aiki ne, ba zan ce miki ba aiki ba ne, yini biyu yake ci mini. Geron da dawar a rege tsakuwa, a wanke, a shanya, a ɗan soya su ma, kuma kar a surfe su har su yi fari tas, amfanin da yawa yana jikin dusar. Ki haɗa komai wuri ɗaya kafin ki kai inji don gyaɗa ita kaɗai caɓewa take yi. Ki tsaya a wajen da kanki ko ki tura mai hankali, ki tabbatar ba yaji aka gama niƙawa ba, ni har ɗan tsakin masara nake riƙewa a fara zubawa ya wanke injin. In kin dawo ki baza garin a tire ya huce, ki tankaɗe, ki zuba a roba mai murfi. Kar ki yi wanda zai wuce sati uku zuwa huɗu.

Damun ma da nasa. Ba irin na gwangwani ba ne da za ki zuba ruwan zafi ki juya, wannan sai an kwaɓa da ruwan sanyi an ɗora a wuta ana juyawa ya dahu. Ya yi kauri yadda in kika karkata cokali ba zai zube sharr ba. Don zaƙi nakan sa garin dabino kaɗan ko in dama ayaba a ciki. Zuma kuwa a bari sai yaro ya shekara, na san iyayenmu suna lasa wa jarirai, amma tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri bai kai ya yaƙe ta ba. Wata rana in ɗiga manja rabin cokali saboda bitamin A, wata rana garin busasshen kifi ko dafaffen ƙwai a gefe, bayan ya ci in ba shi gwanda ko ruwan lemon zaƙi, don suna taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfen da ke cikin gero. Shayi akasin haka yake yi, shi ya sa ba na haɗa wa ƙanana kunu da shayi.

Madarar da za ki zuba ma ki karanta jikinta. Akwai mai cikakken maiƙonta, akwai wadda aka cire maiƙon aka maye da man itatuwa, ita ce ta fi araha a ƙananan ledoji. Ga yaran da suka tasa ba laifi, amma babu wadda take maye gurbin nonon uwa, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu in Allah ya ba da iko.

Abu ɗaya da ba na so a yi wasa da shi: in yaro yana ramewa, ƙafafunsa sun kumbura, ko an auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan mai launuka na asibiti ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, wannan tamowa ce mai tsanani, ba kunun gida ko na gwangwani da zai wadatar, asibiti za a kai shi a ba shi abincin magani.

Ƙanwata dai ta sayi ƙaramin gwangwani ɗaya ta ajiye don ranar da za su je Zariya gaishe da surukarta, sauran kuɗin muka shiga Kawo da su. Waken yana shanye a kan tabarma a tsakar gidana yanzu haka, gobe in sha Allahu za mu soya mu kai inji.