Kwamfutar da ba ta san azumi na matsowa ba

Jama'ar Sakkwato ina gaisuwa daga Birmingham ta Ingila. Masu tambayata wai yaya shagunan Turawa suke, to wallahi akwai abin burgewa, a shagon sari da nake aiki ko katan ɗaya ba ya shiga sito sai an haska shi da na'ura, ka danna waya ta gaya maka buhun shinkafa nawa ya rage da ranar da madara za ta lalace, babu zancen yaron shago ya ce ɓera ya ci. Amma wannan na'urar dai ita ta sa na sha kunyar da har yau ban manta ba.

Azumin 2025 ne. Tun watan Janairu na sami manajanmu, Bature ne mai kirki, na ce masa oga azumi na nan tahe a ƙara odar dabino da man suya da sukari da garin da 'yan Pakistan ke suyar buɗa baki da shi. Ya juyo min da kwamfuta ya ce kar in damu sistam na yin oda da kansa, yana duba cinikin bara a irin wannan satin sai ya auna na bana. To ai nan gizo ke saƙar. A 2024 ranar 11 ga Maris anka ɗauki azumi, rububin sayayya ya faɗo a satin farko na Maris. A 2025 kuwa 1 ga Maris anka tashi da shi, kenan ƙarshen Fabrairu mutane za su yi cefane. Ita kuma kwamfutar da ta leƙa ƙarshen Fabrairun bara ta ga shago shiru, sai ta yi odar shiru. Shekararmu ta Hijira kwana 354 ce, duk shekara azumi na matsowa da kwana 10 ko 11, abin da almajirin da bai kai izu biyu ba ya sani, amma manhajar da anka saya da kuɗi masu yawa kalandar Turawa kaɗai ta iya, Kirsimeti ta sani don kullum 25 ga Disamba take. Na ce to a gyara da hannu mana, ya ce sai hedikwata ta sa hannu.

Ana gobe azumi kantar dabino wayam. Wani dattijo ɗan Somaliya da farin gemunsa ya tsaya ya duba kantar, ya duba hulata, ya ce ɗana kai ba Musulmi ba ne, ba ka gaya musu ba? Gaban mutane fa. Ni da na taso Kanwuri, ƙofar Sarkin Musulmi inda duk Najeriya ke kasa kunne ta ji an ga wata, yau ni ake tambaya ko na san azumi ya zo. Haƙuri kawai na ba shi na kwatanta masa ƙananan shagunan Coventry Road, waɗanda masu su ba su da wani sistam amma dabino tuli guda har bakin titi.

Abin bai tsaya nan ba. Kwanakin da babu dabinon ai ba a sayar ba, to ita sifiri ta rubuta, a lissafinta mutane ba sa so ne. Ba ta ganin wanda ya shigo ya tambaya ya juya, abin da ya bi ta injin kuɗi kaɗai take ƙirgawa. Da anka samu kayan sunka iso tsakiyar wata anka wawashe, sai ta ga ciniki ya tashi, ta zuba oda mai yawa, motoci sunka sauke mana dabino bayan Sallah. Kaya sunka yi kwantai, munka dinga karya kuɗi. Ga wani kuma, akwai wurin da anka rubuta mata cewa kwantena na isowa cikin kwana kaza, lamba ɗaya tak ba ta motsi, alhali tun ƙarshen 2023 da anka fara kai wa jiragen ruwa hari a Bahar Maliya da yawansu sai sun zagayo ta Afirka ta Kudu, tahiya ta ƙaru da kwana 10 ko fi. Ba wanda ya tuna ya canza lambar.

Kuma ba shagonmu kaɗai ba. Lidl, babban kamfanin kantunan Jamus, sun kwashe kusan shekara 7 suna ƙoƙarin ɗora kayansu kan manhajar lissafin kaya ta kamfanin SAP, a 2018 sunka haƙura bayan an ruwaito sun kashe wajen Yuro miliyan 500. Cikin dalilan da anka bayar, su da kuɗin sari suke ƙiyasta kayansu, manhajar kuma an gina ta kan kuɗin sayarwa.

Ranar nan kawuna na Tsohuwar Kasuwa ya faɗo min a rai. Tun Rajab yake fara tara gero da sukari da tsamiya, ya san in azumi ya faɗo cikin zafin Afrilu me ake nema, ya san in an rufe iyakar Illela wane kaya zai yi tsada, ya san sati nawa bayan albashi ciniki ke mutuwa, ba allo ba alƙalami. Na yi kewar zama kan bencinsa ana damun hura ana gardamar farashi.

Sai dai fa kawu, Allah shi ba ka haƙuri, ba zan ƙyale ku ba. Duk wanga ilimi cikin kai yake. Ka tambayi Alhaji buhu nawa ya sayar azumin bara ya ce Alhamdulillahi an yi ciniki. Ran da ya kwanta ciwo shago ya tsaya cik, ran da ya rasu magada su rasa wa ke binsa wa yake bi, littahin bashin ma rabi cikin aljihun wata tsohuwar riga. Lokacin gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato a 2021, mutum nawa ne za su iya nuna takarda su ce ga abin da ke cikin shagona? Ba na ma son in taɓo masu ɓoye sukari tun Sha'aban su jira a matsu.

Ni dai yanzu littahi na buɗe na kaina, duk wanda ya tambayi abu babu sai in rubuta da kwanan watan Musulunci a gefe, manaja ya fara karɓa yana turawa sama. Na gaya wa ƙanena da ke tsaron shagon kawu shi ma ya sayi littahin makaranta ya fara, ya ce min kawu ya ce ƙirga kaya kullum na cire albarka.