Basic Pitch da Gurmina

Na kai shekara goma ina haɗa kiɗa a situdiyo, kullum da kunne nake laluben karin waƙa a kan fiyano. Ran nan yarona ya nuna min Basic Pitch, manhajar da kamfanin sauraron waƙoƙi ta intanet, Spotify, ya saki kyauta a 2022. Na ɗauki sautin gurmi a waya, na loda mata. Cikin ɗan lokaci ta auna kaifi da kaurin kowane amo, ta mayar da shi MIDI, wato rubutun kiɗa da kwamfuta ke iya karantawa ta kaɗa. Wallahi na ji daɗi, don har lanƙwasar amo tsakanin mataki biyu tana kamawa, kuma nan zaƙin gurmi yake. A dai ba ta abin kiɗa ɗaya tak, a ɗakin da ba hayaniya.