Kuɗin rashin aiki a Amurka: sun biya ni, amma sai da na yi mako shida ina jira

Ranar Alhamis aka tara mu a ɗakin cin abinci na kamfanin ajiyar kaya da na shekara huɗu ina tuƙa injin ɗaga kaya a cikinsa. Manaja ya ce kwangilar da ke riƙe da sashenmu ta ƙare, daga Juma'a babu aiki. Aka miƙa wa kowa ambulan, a ciki har da takardar da ke bayanin yadda ake neman kuɗin rashin aiki daga jiha. Na ninke ta na jefa a aljihun mota, ta yi mako biyu a nan.

Kunya ce ta hana ni. A raina, mutum da ƙarfinsa da lafiyarsa ya je ya miƙa wa gwamnati hannu, ai bara ce aka sake wa suna. Wani dattijo da muke sallah tare, wanda ya daɗe a ƙasar nan, shi ya zaunar da ni bayan la'asar. Ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka sadaka ce? Tun ranar da ka fara aiki kamfaninku ke biyan haraji a kanka saboda rana irin wannan. Guminka ne." Da na bincika na tarar haka abin yake. Inshora ce da ta samo asali daga dokar Social Security ta 1935, kuma masu ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kuɗin: wani kaso ga gwamnatin tarayya a kan dala 7,000 na farko na albashin kowane ma'aikaci a shekara, wani ga asusun jiha. Jihohi uku, Alaska da New Jersey da Pennsylvania, su ne ke ɗan yankar wani abu a albashin ma'aikaci ma. Ɗaya tsoron nawa na takardun zama ne, shi ma ya kwanta, domin USCIS, hukumar kula da harkokin baƙi da zama ɗan ƙasa ta Amurka, ta bayyana cewa wannan kuɗi ba ya cikin tallafin da ake ƙirga wa baƙo a ce ya zama nauyi ga gwamnati. Izinin aiki dai dole ne mutum ya kasance yana da shi.

Makonni biyun nan da takardar ta yi a mota sun tafi ke nan. Daga makon da ka cike fom suke fara lissafi, ba daga ranar da aka sallame ka ba. Har yau abin yana yi mini ciwo, don kuɗin hayar rabin wata ne.

Cike fom ɗin a intanet bai ba ni wahala ba, kuma a nan na yaba musu. Cikin minti arba'in na gama. Sun tambayi lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnati ke ba ma'aikaci, lambar katin zamana, wuraren da na yi aiki cikin wata 18 da suka wuce, da dalilin rabuwata da kamfanin. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce zuciyar maganar. Wanda aka rage shi saboda babu aiki hanyarsa a buɗe take; wanda ya ajiye aiki da kansa ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ko aka kore shi kan laifi, sai an saurari ɓangarorin biyu. Bayan kwana takwas wasiƙa ta zo: dala 380 a mako, har zuwa mako 26. Ina samun 760 kafin haraji lokacin da nake aiki, rabi ke nan. Kowace jiha da nata ma'auni. A Mississippi ba a wuce dala 235 a mako, a Massachusetts ana haura dubu, a Florida kuwa mako 12 ake ba mutum idan rashin aiki bai yi yawa a jihar ba. Kada wani ya ɗora lissafinsa a kan nawa.

Na ɗauka an gama. Ashe yanzu aka fara.

Mako ya wuce, biyu suka wuce, babu ko sisi. Duk lokacin da na shiga shafina kalma ɗaya nake gani, cewa ana dubawa. Me ake dubawa? Ba a faɗa ba. Nakan kira da ƙarfe takwas daidai, na'ura ta yi ta zagaye da ni, danna ɗaya, danna uku, daga ƙarshe ta ce layi ya cika, ta kashe. Wata safiya na ajiye wayar a kan tebur tana kiɗan jira har minti saba'in, matata na shirya yara makaranta tana kallona ba ta ce komai ba, sai layin ya yanke. Na san bayan damfarar da aka tafka a 2020, lokacin annobar korona da aka ƙara dala 600 a mako, jihohi sun tsaurara tantance mutane, kuma ban ga laifinsu ba. Ƙorafina shi ne shirun. Mutumin da mai gida ke jiran haya a hannunsa ya cancanci layi ɗaya da zai gaya masa inda matsala take.

A mako na biyar na ɗauki takarduna duka na tafi cibiyar neman aiki ta gwamnati da ke kusa da mu. Wata ma'aikaciya mai furfura ta jera su a kan tebur, ta sa yatsa a kan biyu. A katin zamana an rubuta Muhammad, a takardar albashi Mohammed, kuma kamfanin ya sa sunan mahaifina a gurbin suna na tsakiya. Kwamfuta ta ɗauke mu mutum biyu. Ta haɗa ni da ofishin jiha mai biyan kuɗin ta wayar cibiyar, na tura hotunan katunan gaba da baya, aka ce in jira kwana goma. 'Yan'uwa masu irin sunayenmu, ku duba wannan tun kafin ku cike komai.

Kafin in tashi ta tambaye ni ko ina shiga shafina kowane mako ina amsa tambayoyinsu na tabbatar da cewa har yanzu ba ni da aiki, duk da ba a biya. Na ce ina yi, don dattijon nan ya ja mini kunne a kai. Ta ce to na tsira. Makon da ba ka tabbatar ba, da wuya a biya ka shi daga baya. Kwana tara bayan haka dala 1,710 suka shiga asusuna a dunƙule, kuɗin mako biyar, bayan an cire kashi 10 cikin 100 na harajin tarayya da na zaɓa a riƙa cirewa. Makon farko ba a biyansa a jiharmu, kamar jihohi da yawa.

Daga nan komai ya tafi daidai. In na amsa tambayoyi ranar Lahadi, Laraba kuɗi sun shigo, ba su taɓa saɓawa ba. Tambayoyin dai suna son gaskiya da natsuwa: kana da lafiyar yin aiki, kana nan a shirye, ka nemi aiki a wurare nawa, ka sami wani kuɗi? Da na yi kwana biyu ina kai saƙon kaya da motata, na rubuta abin da na samu kafin a cire komai, a makon da na yi aikin, ba makon da aka biya ni ba. Suka rage mini kaɗan. Gara haka da a ce daga baya ka mayar da kuɗi har da tara. Na kuma fasa zuwa gida bikin ƙanena, domin wanda ya bar ƙasar ba a ɗaukarsa a matsayin wanda ke shirye ya karɓi aiki.

In maki zan ba su, uku ne cikin biyar. Kuɗin sun riƙe mana haya da wuta, kuma matar nan ta cibiya ta yi mini abin da ba zan manta ba. Biyun da na hana na layin waya ne da kalmar nan ɗaya da na yi mako shida ina kallo. A mako na 14 na sami aiki a wani kamfanin, na rubuta ranar farawa a amsata ta ƙarshe, aka rufe. A watan Janairu fom ɗin 1099-G ya iso don lissafin haraji, sunana a kai daidai da na katin zamana.