Yawon tarihin Yahudawan Nice da dan jagora, ga yadda na gan shi

Yawo ne na kafa, ta intanet ake biya, dan jagora ya zagaya da ku cikin garin Nice na kudancin Faransa yana ba da labarin abin da ya sami Yahudawa a yakin duniya na biyu. Kudin ba laifi gaskiya, amma na'urar kunnen da suka raba mana sai shuuu take yi, dole na rika manne wa mutumin kafin in ji abin da yake fada.

Bangaren sojojin Italiya ne ya fi kama ni. Daga Nuwamba 1942 sojojin Mussolini, shugaban Italiya na lokacin, ne ke rike da Nice da kewayenta, kuma duk da cewa su da Hitler tafiyarsu daya sai suka ki mika Yahudawa, in gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai hada kai da Jamus, ta tashi kamawa hafsoshin Italiya su hana, in Jamusawa suka matsa sai a yi ta jan kafa ana cewa ana jiran umarni daga Rum, har dubban Yahudawa suka rika kwararowa daga sauran sassan Faransa. Dan jagoran ya tsayar da mu a titin Dubouchage, wurin ibadar da 'yan gudun hijira ke zuwa neman takardu da taimako, ya ba mu labarin Angelo Donati, wani ma'aikacin banki Bayahude dan Italiya, da limamin Katolika Marie-Benoît, yadda suka kulla shirin kwashe mutane ta jirgin ruwa zuwa arewacin Afirka. Shirin bai kai ga ci ba, don ranar 8 ga Satumba 1943 aka sanar Italiya ta ajiye makami, sojojinta suka janye, cikin 'yan kwanaki Alois Brunner, jami'in rundunar SS ta 'yan Nazin Jamus, ya dira garin.

Otal din Excelsior kusa da tashar jirgin kasa nan ya mayar hedikwatarsa. Muna tsaye a tsallaken titi, mutane na ta wucewa da akwatunansu, dan jagoran kuma yana fada mana yadda ake tare namiji a hanya a sa shi ya kwance wando a duba ko yana da kaciya don a gane Bayahude ne, daga nan sai sansanin Drancy kusa da Paris sai sansanin kisa na Auschwitz. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ya kuma tabo labarin Yahudawa wajen 1,000 da suka bi sojojin Italiya a kafa daga kauyen Saint-Martin-Vésubie da ke arewa da Nice suka haye duwatsu da yara da tsofaffi, amma Jamusawa suka kama sama da 300 a garin Borgo San Dalmazzo na Italiya.

To inda na rabu da shi shi ne yadda ya wanke sojojin Italiya tas kamar waliyyai. Haba malam. Gwamnatin Mussolinin nan ce fa ta yi dokokin wariya a 1938 aka kori yaran Yahudawa daga makarantun gwamnati, ita ce a 1942 ta tara Yahudawan Libiya kimanin 2,600 a sansanin Giado inda yunwa da annoba suka kashe sama da 500, balle a zo maganar iskar gubar da suka zuba wa Habashawa. Ko a Nice din ma ni a ganina ba tausayi kadai ba ne, akwai girman kai na kin bin umarnin Jamus da Vichy, ga shi kuma sun fara hango inda yakin ya dosa. Da na tambaye shi batun Giado sai ya ce ba ya cikin shirin ranar, ya wuce gaba.

Zan ba shi tauraro uku da rabi cikin biyar. Ya san titunan garin da ranakun abubuwa sosai, kuma ba ya hanzari in an yi tambayar da ta shafi Nice. In za ku je ku sa takalmi mai dadi ku rike ruwa, wurin zama babu a hanya, kuma wanda Faransancinsa bai nuna ba ya tabbatar ya zabi rukunin Turanci tun wajen biya.